Abin da Mai Gudun Hijira Yake Tsira da Shi

Da yawa daga cikinku sun san rumfar abincin nan ta bakin titi, wadda mutanen Ɗanbatta ke kira rumfar 'yan Baga. Waɗansunku sun ci burabusko a cikinta ran Lahadi in kasuwa ta cika. Waɗansu kuwa sun sha ganina da la'asar ina wanke kwanuka a bayanta, da wandon makaranta a jikina. To, rumfar nan ta gidanmu ce. Babana ne yake zuba abinci yana karɓar kuɗi, uwata kuwa, wadda muke kira Iya, ita ce take girki a bayan zana.

Dalilin wannan rubutu shi ne, a zangon da ya wuce wani ɗan ajinmu ya ce ina warin banda, ya kuma kira ni ɗan gudun hijira a gaban jama'a. Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Aka raba mu, aka kai mu gaban malaminmu na tarihi. Da ya gama yi mana hukunci ya sallami abokin faɗana, sai ya dube ni ya ce, "Abin da ya faɗa maka, ƙarya ne ko gaskiya?" Na sunkuyar da kai na ce, "Gaskiya ne, Malam." Ya ce, "To, tun da gaskiya ce take sa ka faɗa, ga sauran hukuncinka. Ka je ka binciko labarin mutanen Biyetnam da suka gudu cikin jiragen ruwa, ka gano sana'ar da suka kama a inda suka sauka, ka rubuto mini." Na yi makonni ina bincike a laburare da wayar wani ƙanen babana. Abin da na samu ya fi ƙarfin hukunci, shi ya sa Malam ya ce in kawo shi nan kowa ya karanta.

Mutanen jirgin ruwa

Biyetnam ƙasa ce doguwa siririya a gabashin Asiya, kudu da ƙasar Sin, teku tana biye da ita daga sama har ƙasa. Faransa ce ta yi mata mulkin mallaka, kamar yadda ta yi wa maƙwabtanmu na Nijar. A shekarar 1954 mutanen ƙasar suka ci sojan Faransa da yaƙi a wani kwari da ake kira Dien Bien Phu, aka raba ƙasar biyu. Arewa tana hannun 'yan kwaminis, babban birninta Hanoi, Kudu kuwa Amurka tana goya mata baya, babban birninta Saigon. Yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin ɓangarorin biyu, aka yi shekaru ana zubar da jini. Amurka ta janye sojanta a 1973, ran 30 ga Afrilu 1975 kuwa sojan Arewa suka shiga Saigon.

A kwanakin nan an kwashe mutum wajen 130,000 zuwa waje, amma wannan somin taɓi ne. Sabuwar gwamnati ta tsare waɗanda suka yi wa tsohuwar aiki a sansanonin horo, a 1978 kuma ta hana manyan kasuwanci na ƙashin kai, abin da ya karya 'yan kasuwa masu asalin Sin. Jama'a suka fara sulalewa da dare cikin jiragen kamun kifi na katako. Kuɗin jirgi da zinariya ake biya, saboda haka mata suka tuɓe awarwaronsu da 'yan kunnensu. Daga 1975 zuwa 1995 mutum kusan 800,000 ne suka isa gaɓar waɗansu ƙasashe ta ruwa. Waɗanda teku ta ci, ko ƙishirwa, ko 'yan fashin teku, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne daga 200,000 zuwa 400,000.

Waɗanda suka tsira kuma ba su huta nan da nan ba. Akwai wani ɗan tsibiri a Maleshiya, sunansa Bidong, wanda aka tanada don mutum 4,500, amma a tsakiyar 1979 mutum wajen 40,000 ne a cushe a kansa. A watan Yuli na shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a Janeba, inda ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Ostareliya da Faransa suka yarda su ɗauki jama'a da yawa. Ta haka masunci da malamin makaranta da hafsan soja suka wayi gari a biranen da ba su jin harshensu, cikin sanyin da ba su taɓa gani ba.

Yadda muka zo Ɗanbatta

Ina karanta wannan sai na ji jikina ya yi sanyi, don mu ma cikin jirgin ruwa muka gudu. Bari in faɗa muku asalinmu, tun da da yawa suna zaton ba mu da tushe a nan.

Kakana na wajen uba mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ɗanbatta. A farin 1973, da gero ya ƙone a gona, ya bi ayarin masu tafiya Tafkin Chadi neman abinci. A lokacin ruwan tafkin yana ja da baya yana barin ƙasa mai albarka, ga kifi kuma, saboda haka Hausawa da yawa daga Kano da Sakkwato da sauran wurare suka zauna can. Kakana ya zauna a Doron Baga, a ƙaramar hukumar Kukawa ta Jihar Borno. Can aka haifi babana, ya tashi da su da cinikin banda, wato kifin da aka ƙyafe da hayaƙi, wanda manyan motoci ke ɗauka daga Baga zuwa Maiduguri har kudancin Nijeriya. Can kuma ya auri Iya, Babarbariya ce gaba da baya.

Ran Asabar, 3 ga Janairu 2015, da asuba, 'yan Boko Haram suka auka wa barikin sojan haɗin gwiwa na Baga, daga nan suka shiga gari. Ina ɗan shekara bakwai. Abin da nake iya tunawa shi ne ƙarar harbi, da sanyin hunturu, da yadda Iya ta riƙe hannuna har ya yi tsami. Har yau ana gardama a kan yawan waɗanda aka kashe: gwamnati ta ce kamar 150, waɗansu suka ce sun kai 2,000. Ƙungiyar Amnesty ta nuna hotunan da aka ɗauka daga sama, ta ce gine-gine fiye da 3,700 aka ƙone ko aka lalata a Baga da Doron Baga.

Masu gudu sun rabu biyu. Waɗansu suka yi daji suka nufi Maiduguri, waɗansu suka faɗa kwale-kwale suka shiga tafki. Dubbai sun tsallaka Chadi, aka kafa musu sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola. Mu namu kwale-kwalen ya kai mu wani tsibiri ta ɓangaren Nijar. Yayana, ɗan farin gidanmu, yana da shekara goma sha biyar a lokacin, bai samu wuri a namu ba, ya shiga na bayanmu. Wannan shi ne ganinmu da shi na ƙarshe.

Mun yi wata huɗu a tsibirin. Bayan harin da aka kai tsibirin Karamga ran 25 ga Afrilu, gwamnatin Nijar ta ba da umarni kowa ya bar tsibiran. Muka taka a ƙasa cikin zafin bazara har Ngigmi, daga nan aka ɗebe mu a manyan motoci tare da dubban 'yan Nijeriya zuwa Gaidam ta Jihar Yobe. Da aka tambayi Baba ina ne garinsa, sai ya faɗi sunan garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba, ya ce Ɗanbatta.

Dangin kakana sun karɓe mu, Allah Ya saka musu da alheri, suka ba mu ɗaki biyu. Amma kun san yadda ƙasar nan take. Gona tana jikin gona, gida yana jikin gida, ba wani daji da mutum zai sare. Gonar da kakana ya bari an raba ta gado tun tuni, rabon kowa bai wuce a yi masa noman yini ɗaya ba. Baba ya gwada su a madatsar ruwa ta Tomas, amma wanda ya saba da Tafkin Chadi, ga shi ba koma ba jirgi, abin da yake samu bai kai na cefane ba. Wata shida muna cin na dangi. Iya ta ce baƙo raɓa ne, in ya daɗe sai ya zama kaya. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda su kaɗai ta tsira da su, ta ba Baba ya kai Kano ya sayar. Da kuɗin aka sayi tukunya biyu, da madambaci, da kwano uku na gero, da katon ɗaya na banda.

Me ya sa sai abinci?

Abin da ya fi ba ni mamaki a bincikena shi ne, mutanen Biyetnam da yawa haka suka yi, suka kama sayar da abinci. Na zauna na yi tunani, na kuma tambayi iyayena, na gano dalilai biyar.

Na farko, girki ba ya neman takardar shaida. Likitan da ya gudu daga Saigon ba ya iya duba marar lafiya a Amurka sai ya sake jarrabawa da Turanci, amma ba wanda zai tambayi matarsa satifiket kafin ya sha romonta. Haka Baba, duk sanin da ya yi wa kifi da dillalan Baga bai amfane shi da komai a nan ba, amma hannun Iya ya zo da abinsa.

Na biyu, ba ya neman harshe mai yawa. Hausar Iya a lokacin a karye take, yara suna yi mata dariya in ta mai da namiji mace. Mai jin yunwa kuwa ba ruwansa da nahawu.

Na uku, jarinsa kaɗan ne kuma yana juyawa kullum. Manomi sai ya jira kaka, ma'aikaci sai ƙarshen wata, mai abinci kuwa abin da ya zuba da safe yana dawowa kafin magariba, ya yi cefanen gobe. Da haka Iya ta shiga adashi, da ɗaukarta ta farko aka kafa rumfar kwano a maimakon ta kara.

Na huɗu, ma'aikatan suna cikin gida, ba a biyansu lada. Ni ne mai ɗebo ruwa da wanke-wanke, ƙanwata ita ce mai yankan albasa da gyaran yakuwa.

Na biyar, wanda Iya ta ce shi ne babba: gidan mai sayar da abinci ba ya kwana da yunwa. In an yi ciniki an samu kuɗi, in an yi kwantai an samu abin ci.

Wannan hanya kuwa tsohuwa ce. Malaminmu na addini ya tuna mini cewa da Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira daga Makka zuwa Madina hannu wofi, ɗan'uwansa na Ansar ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi godiya, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, kuma ribarsa ta farko cuku ne da man shanu. Ashe tun daga can abin ci ne farkon jarin mai hijira.

Iyalin An na San Faransisko

A cikin iyalan Biyetnam da na karanta labarinsu, wanda ya fi kama da namu shi ne iyalin An. Wata mata mai suna Diana An ta je yawon buɗe ido birnin San Faransisko na Amurka, a 1971 ta sayi wani ɗan shagon abinci na Italiyawa a wata unguwa kusa da teku. Ba wanda ya san ranar da shagon zai yi. Da Saigon ta faɗi a 1975, matar ɗanta, Helene An, ta gudu da 'ya'yanta mata uku, suka bi ta sansanin 'yan gudun hijira har suka iso wurinta. Helene 'yar gidan sarauta ce daga Arewa, tun tana yarinya iyayenta suka gudu Kudu, wato wannan ce hijirarta ta biyu. Matar da a da ake yi wa girki, ita ce ta ɗaura zane ta shiga madafa.

Shagon nan shi ne gidan abincin Thanh Long, wanda ake cewa shi ne na farko na 'yan Biyetnam a birnin. Helene ta lura mutanen wurin suna son taliyar Italiyawa, sai ta haɗa taliya da tafarnuwa da kayan ɗanɗanon ƙasarta, ta fito da wani abinci da ba a san shi a Biyetnam ba, ake ci da gasasshiyar ƙaguwa. Ya karɓu ƙwarai, har iyalin suka buɗe waɗansu gidajen abinci masu suna Crustacean, 'ya'yanta mata suka shiga harkar. Abin da aka fi saninsu da shi shi ne madafar asiri: wani ɗaki a cikin madafa, inda ake haɗa waɗannan girke-girke, ba kowa ke shiga ba. Dalilinsu kuwa a fili yake. Sun rasa gida da ƙasa da dukiya, wannan sani shi ne gadon da ya rage musu.

Da na ba Iya wannan labari, sai ta yi dariya ta nuna zanar da take girki a bayanta, ta ce, "Ga tawa madafar asirin." Gaskiya an kafa zanar ne don a nan matar aure ba ta zama a bakin titi, amma ta yi aiki biyu. Mata da yawa sun aiko 'ya'yansu su leƙa yadda take haɗa miyarta, har yau ba wadda ta kama.

Akwai kuma Charles Phan, wanda iyayensa suka gudu da shi daga Biyetnam a 1975 yana yaro, suka zauna a tsibirin Guam kafin su isa San Faransisko a 1977. Ya yi karatun zanen gine-gine, amma a 1995 ya buɗe gidan abinci mai suna The Slanted Door tare da danginsa. A 2014 aka ba gidan kyautar James Beard ta gidan abincin da ya yi fice a Amurka duka. Ya rasu a Janairun 2025. Wani kuma, David Tran, ya fita a cikin wani jirgin dakon kaya mai suna Huey Fong a ƙarshen 1978. Da ya kafa kamfanin yajinsa a Los Angeles a 1980, sai ya sa masa suna Huy Fong, don kada a manta da jirgin da ya cece shi. Mutumin nan bai ɓoye hijirarsa ba, a jikin kowace kwalba ya rubuta ta.

Kada ku zaci kowa ne ya yi arziki haka. Waɗannan su ne aka rubuta labarinsu. Dubbai sun tsaya a kan ɗan shago mai tebur biyar ko shida, suna tashi tun kafin asuba, ribarsu ita ce 'ya'yansu sun yi karatu. A cikin waɗannan muke.

Abinci ma yana hijira

Abincin da aka fi sanin mutanen Biyetnam da shi sunansa pho, ana faɗinsa kamar "fa". Romon ƙashin saniya ne da ake dafawa sa'o'i masu yawa da gasasshiyar albasa da citta da kirfa da kanumfari, a zuba shi a kan taliyar shinkafa da yankan nama. Gishirinsa wani ruwan kifi ne da ake tsimawa da gishiri watanni a cikin ganga. Baƙo yakan toshe hanci in ya ji shi, kamar yadda wanda bai san daddawa ba yake yi, amma in babu shi miya ba ta yi. Shi kansa pho ɗin ɗan gudun hijira ne. Asalinsa abincin Arewa ne, da aka raba ƙasar a 1954 mutum kusan miliyan ɗaya suka ƙaura Kudu da shi, mutanen Kudu suka ƙara masa ganyaye da zaƙi. Bayan 1975 kuma ya tsallaka teku.

Har Afirka ta Yamma abincinsu ya zo, ta wata hanya dabam. Faransa ta kai sojan ƙasashenmu yaƙin can tsakanin 1946 da 1954, waɗansu 'yan Senegal suka dawo da matan Biyetnam. Matan nan suka riƙa soya nem, wato nama da aka naɗe cikin ɓawon shinkafa siriri, suna sayarwa. Yanzu nem ya zama abin titi a Dakar.

Namu burabuskon ma ya sake. A Baga da alkama ko gero ake yi, a ɓarza, a wanke, a turara a madambaci, a sauke a yayyafa ruwa da mai, a mayar, har ya yi warawara. Miyarsa yakuwa ce ko kuɓewa busasshiya da bandar tarwaɗa mai yawa, a kwarara man shanu a kai. Da muka fara, mutanen nan suka ce ai biski ne, kuma miyar ta yi tsami, kifin ya yi yawa. Iya ta rage yakuwa, ta ƙara daddawa da tattasai, ta sa wake. Da banda ta yi tsada saboda an daɗe hanyar Baga tana rufe, ta koma haɗawa da karfasar Tomas wadda Baba ke ƙyafewa da kansa. Sinasir kuwa sai ran kasuwa da azumi. In mutumin Borno ya zo, Iya tana gane shi daga gaisuwa, sai ta ɗebo masa daga wata ƙaramar tukunya da take yi yadda ake yi a gida.

Wani abin da ya taimake mu shi ne wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Garin nan kuwa Fulani ba su da iyaka, balle ran kasuwar shanu. Suna zuwa su tsaya a bakin zana su ce, "Ina baiwar nan tamu? A kawo wa iyayen gida abinci!" Ita kuma daga ciki ta ce, "Bawa ba ya ci sai ya biya." A yi dariya, su ci, su biya, mako mai zuwa su kawo waɗansu. Tun ba mu san kowa ba, wasan nan ya ba mu dangi.

Abin da ba a gani daga bakin titi

Akwai dalili na shida da ban sa a lissafi ba, don ban san shi ba sai da na fara wannan bincike. Na tambayi Iya me ya sa ta nace a kafa rumfar a bakin titi, alhali kuwa da talla aka ɗora mana da ta fi samun sauƙi. Ta yi shiru, can ta ce, "Mai tafiya shi yake da labari." Titin nan yana haɗa Kano da Kazaure da Daura har iyakar Nijar. Duk direba ko fatake da ta ji harshensa na gabas ne, sai ta sa Baba ya tambaye shi ko ya taɓa ganin wani saurayi mai tabo a gira ta hagu, a Diffa, ko Baga Sola, ko Maiduguri. Fiye da shekara goma ke nan. An kai sunansa ofishin Red Cross mai neman waɗanda suka ɓata. A 2019 ƙungiyar ta ce mutum kusan 22,000 ne aka rubuta mata sun ɓata a Nijeriya, fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata. Yayana ɗaya ne daga cikinsu. Ƙaramar tukunyar nan da na faɗa muku, miyar da ya fi so ce.

Yanzu kuma wata magana ta taso a gidanmu. Tun 2020 gwamnatin Borno ta fara mai da mutane Baga. Baba yana so ya koma, ya ce can ne ya san kansa, nan kuwa shi mai miƙa kwano ne. Iya ta ce ba za ta sake kai sauran 'ya'yanta bakin ruwan nan ba, kuma in yaronta yana da rai, ya san asalin ubansa Ɗanbatta ne, nan zai nemo. Ni ina tsakiya. Ina so in ci jarrabawa in wuce gaba, amma in na tafi ba mai ɗebo ruwa, ƙanwata kuwa ta ce ita malamar asibiti take so ta zama, ba mai tuwo ba. Na karanta cewa 'ya'yan mutanen Biyetnam ma sun sha wannan: iyaye sun yi wahala don yara su bar madafa, in yaran sun bari kuma girkin ya mutu. Abin da na iya yi shi ne na sayi littafi mai shafi arba'in, kowane dare ina rubuta yadda Iya take haɗa abu ɗaya, da sunansa da Barbarci. Da fari ta ƙi, ta ce girki a hannu yake. Yanzu ita take kirana in ta tuna wani.

Kira ga 'yan'uwa

Ni da abokin faɗana mun shirya, har ya zo ya ci burabusko, ya nemi ƙari. Ba na riƙe da shi, don ni ma da ina jin kunyar kalmar nan. Amma ku duba tarihinmu. Lissafin shekarunmu na Musulunci daga hijira ya fara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Kakana ya bar ƙasar nan saboda fari, Barebari suka ba shi wurin zama, har suka ba ɗansa aure. Daga 2019 kuma dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, mutane ne masu gona da rumbu kamar iyayenmu na nan. Ba wanda ya san inda gobe za ta kai shi.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai abu biyu. In kun ga baƙo ya kafa tukunya ko teburin shayi a gefen hanya, ku gaishe shi, in da hali ku saya, kada ku yi masa ba'a da harshensa ko warin sana'arsa. Sannan kowa ya koyi wani aiki na hannu tare da boko, ko girki, ko ɗinki, ko gyaran babur, don ranar da muka shiga kwale-kwale ba mu ɗauki gida ko shago ba, abin da Iya ta iya shi ne ya bi mu. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in wani ya ji labarin saurayin nan mai tabo a gira ta hagu, wanda yanzu ya haura shekara ashirin da biyar, rumfarmu tana nan bakin titi, kullum a buɗe daga hantsi zuwa isha.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowane ɓatacce ga iyayensa, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.